Agogon Gado: Yadda Ake Gane Shekarunsa da Ƙarfen Jikinsa

 Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo, kuma mun tabbata ba mai ita kaɗai za ta amfana ba.

Wasiƙar ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, daga wani ƙauye da ke kusa da Funtuwa. Bayan gaisuwa ga ma'aikatan wannan fili, ya ce Allah ya yi wa mahaifinsu rasuwa, kuma cikin abin da ya bari akwai wani agogon hannu mai ruwan gwal. Yayansu ya tsaya a kan cewa zinariya ce zalla, tun zamanin Sardauna aka yi shi, kuɗinsa zai sayi bijimi. Shi kuwa wani dillali da ya gani ya ce tarkace ne, ya yi tayin abin da ba zai sayi buhun masara ba. Yanzu rabon gado ya tsaya a kan agogon nan, har 'yan'uwa sun fara kallon juna da zargi. Mahaifiyarsu ta ce ita dai abin da ta sani, marigayin ya sayo shi ne a hajjin da ya yi 'yan watanni kafin a kashe Janar Murtala.

Mai wasiƙar ya yi abin da ya kamata, ya sa ɗansa ɗan makaranta ya kwafo duk rubutun da ke jikin agogon. A fuska an rubuta SEIKO da lamba 5, da AUTOMATIC, da 21 JEWELS. Ranakun mako suna fitowa da Larabci da Turanci. A murfin baya akwai haruffa SGP, da ST. STEEL BACK, da WATER RESISTANT, sai lamba 6119 da wasu lambobi huɗu a gabanta, sannan wata lamba mai gurbi shida da ta fara da 4N. Tambayarsa ita ce: shekarun agogon nawa, kuma da wane ƙarfe aka yi shi?

To Malam, da farko muna yi muku ta'aziyya, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Na biyu, ka kwantar da hankalinka. Agogo ba kamar akuya ba ce da sai an duba haƙora a yi kirdado. Masu ƙera shi sun rubuta shaidarsa a jikinsa, kuma abin da yaronka ya kwafo ya isa a yanke magana. Bari mu bi shi daki-daki.

Maganar shekaru

Kamfanin Seiko na ƙasar Japan ne, kuma ya fara fitar da samfurin da ake kira Seiko 5 a shekarar 1963. Ke nan tun daga nan mun san agogonku bai riga 1963 ba. Sardauna ya rasu a watan Janairun 1966, saboda haka har yanzu maganar yayanku ba ta faɗi ba. Sai mu ci gaba.

Lambar nan mai gurbi shida ita ce mabuɗin. A tsarin Seiko, gurbin farko shi ne lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera agogon, gurbi na biyu kuma shi ne wata. Daga Janairu zuwa Satumba ana sa 1 zuwa 9. Oktoba ana sa harafin O, Nuwamba N, Disamba D. Naku ya fara da 4N, wato watan Nuwamba na wata shekara da ta ƙare da 4. Amma wace? 1964, ko 1974, ko 1984?

Nan ne lamba 6119 ta shigo. Wannan lambar injin da ke ciki ce. Injin 6119 an fara yin sa ne a ƙarshen shekarun 1960, aka daina a cikin shekarun 1970. Ke nan 1964 ta yi wuri, 1984 kuma ta makara. Akwai shaida ta biyu: kafin wajen 1970 Seiko yana rubuta WATER PROOF ne, daga baya aka koma WATER RESISTANT, domin hukumomin ciniki a Amurka sun hana masu agogo yin alkawarin cewa ruwa ba ya shiga sam. Naku yana da rubutun baya-bayan nan. Saboda haka amsar ita ce Nuwamban 1974.

Yanzu ka haɗa da maganar mahaifiyarku. An kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, kuma hajjin da ya gabaci wannan ya faɗo ne a Disamban 1975. Agogon da aka ƙera a Japan a ƙarshen 1974, ya shekara guda a hanya da kanti, alhaji ya saye shi a ƙarshen 1975. Ka ga magana ta zauna daidai. Ranakun nan na Larabci su ma shaida ne, domin irin waɗanda aka yi don kasuwannin ƙasashen Larabawa ke nan. Hajiya ce ta fi kowa gaskiya a gidan nan. Agogon ya haura shekara 50, amma bai ga zamanin Sardauna ba.

Abu ɗaya za ka ƙara dubawa. Murfin baya ana iya musanya shi a wurin gyara. Ka duba can ƙasan fuskar agogon, kusa da ƙarfe shida, akwai wani ɗan mitsitsin rubutu. Idan ka ga 6119 a nan ma, to murfi da fuska 'yan gida ɗaya ne. Idan idonka bai kai ba, ka sa a ɗauki hotonsa da waya a buɗa hoton, zai fito sarai.

Maganar zinariya

A nan sai yayanku ya yi haƙuri. Haruffan SGP suna nufin ruwan zinariya ne kamfanin ya shafa a kan wani ƙarfe. ST. STEEL BACK kuma yana nufin murfin baya farin ƙarfe ne wanda ba ya tsatsa. Ga ƙa'idar da kowa zai riƙe: duk agogon da gabansa ke ruwan gwal, bayansa kuma fari, aka rubuta cewa bayan ƙarfe ne, to kusan kullum shafe ne. Ana sa farin ƙarfe a baya ne domin gumi yana cin shafe, ga shi kuma bayan ne ke manne da fata.

Ƙarfen da ke ƙarƙashin shafen galibi tagulla ce. Ka duba kunnuwan agogon, inda maɗauri ke kamawa, da kuma gefen da hannun riga ke goga. Za ka ga inda ruwan gwal ɗin ya koɗe, wani launi ya leƙo, wataƙila ma ka ga kore-kore kamar na tsohuwar tasa. Zinariya ta gaske ba ta yin wannan kore, kuma duk yadda ta goge launinta ɗaya ne har ciki.

Shafen nan bai da kauri. A kan agogunan Suwizalan za ka ga an rubuta PLAQUE OR G 20 ko G 10. Lambar tana faɗin kaurin shafen ne da ma'aunin da ake kira maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Maikiron 20 bai kai kaurin gashin kai ɗaya ba. Ko an kankare shi duka, abin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Sauran rubutun da ke nuna shafe ko lulluɓi su ne GP, da RGP, da GOLD FILLED, da BASE METAL. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu karatun Faransanci za su iya cin karo da FOND ACIER INOXYDABLE, ma'anarsa ɗaya da abin da ke jikin agogon mai wasiƙarmu: baya kaɗai ne farin ƙarfe.

To yaya zinariya ta gaske take? Tana zuwa da hatimi, galibi a cikin murfi ko a bayan kunnen agogo. 18K ko 750 na nufin kashi 750 cikin dubu zinariya ce, wato kashi uku cikin huɗu. 14K ko 585 ya ɗan haura rabi. 9K ko 375 bai kai rabi ba, kuma an fi ganinsa a agogunan da aka sayar a Ingila. Ba a yin gidan agogo da zinariya zalla mai 24, domin ta yi laushi. Hukumar Suwizalan tana ƙara nata tambari: a da, kan wata mace da suke kira Helvetia shi ne na 18K, hoton wata dabba mai kama da kurege kuma na 14K. Daga 1995 aka koma sa kan wani babban kare. Ka ga tambarin ma yana faɗin zamani. Azurfa kuwa lambarta 925 ko 800, kuma idan ta Ingila ce za ka ga ɗan hoton zaki yana tafiya. Amma a sani, masu jabu ma sun iya buga 750. Hatimi shaida ce ta farko, maƙerin zinariya mai amana shi ne shaida ta biyu.

Duwatsun nan 21

Mun san wani zai ce, to ai an rubuta 21 JEWELS, ba lu'ulu'u ba ne a ciki? Wannan ya sa mutane da yawa sun fasa agogo suna neman arziki, suka tashi a tutar babu. Duwatsun nan yaƙutu ne, amma na masana'anta. Tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Auguste Verneuil ya bayyana hanyar narka sinadari a yi yaƙutu a cikin wuta. Kowane ɗaya bai fi ƙwayar gero ba, wani ma bai kai ba. Aikinsu shi ne su riƙe kan sandunan da ƙafafun injin ke juyawa a kai, don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Suna nuna cewa injin na kirki ne, amma idan aka ciro su ba mai saye.

Ga sauran masu saurare

Ba kowa ne ya gaji Seiko ba. Wani Rado ne a gidansu, wani West End, wani Oris, ko Citizen, ko Orient, ko Omega. Ga wasu alamomi da za su taimaka.

Ka fara da sauraro da kallo. Idan tsinken sakan yana tsalle sau ɗaya a kowace daƙiƙa, galibi agogon batir ne irin wanda ake rubuta wa QUARTZ. Irin wannan Seiko ne ya fara sayar da shi a birnin Tokiyo ranar 25 ga Disamba, 1969, kuma bai yi arha ya bazu ba sai ƙarshen shekarun 1970. Duk wanda ya ce maka QUARTZ ɗinsa na zamanin Turawa ne, ka san inda za ka ajiye maganarsa. Idan kuwa tsinken yana tafiya sumul, kana jin ƙas-ƙas-ƙas sau biyar ko shida a daƙiƙa, to inji ne mai wani ko mai girgiza. Agogon hannu na maza ya yaɗu ne a lokacin yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, domin soja ba ya da sukunin laluben aljihu. Mai yi wa kansa wani da motsin hannu ya fara shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1920, amma sai bayan 1950 ya zama ruwan dare.

Sai sunan ƙasa. Idan ka ga USSR ko CCCP, an yi shi kafin rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Idan ka ga WEST GERMANY, tsakanin 1949 ne da 1990, lokacin da Jamus ke rabe biyu. Kalmar INCABLOC sunan wata dabara ce ta kare inji idan agogo ya faɗi. An ƙirƙiro ta a shekarun 1930, kuma an fi ganin sunan a fuskar agogunan 1950 zuwa 1970. Rado mai faffaɗan gida mai ƙyalli da ake kira DiaStar ya fara fitowa a 1962. Gidansa wani ƙarfe ne mai tsananin tauri da ba ya karcewa da sauƙi, kuma ko da launin gwal ya zo, ba zinariya ba ce. Nauyinsa ne ke yaudarar mutane. Jabunsa kuma sun cika kasuwa.

Gilashi ma yana magana. Tsofaffin agoguna da yawa roba ce mai haske a fuskarsu, ta ɗan yi tudu, ba ta da sanyi idan ka taɓa ta da leɓe, kuma tana karcewa amma ana iya goge ta. Gilashi na ainihi ya fi sanyi, kuma idan ka ƙwanƙwasa da farce ƙararsa ta fi kaifi. Kada ka dogara da maɗauri, domin shi ne abin da aka fi canzawa. Idan mai gyara ya buɗe murfi, ka sa ya duba ciki, domin masu gyara na da sukan karce kwanan watan da suka yi aiki. Kamfanoni irin su Omega kuwa a jikin injin suke buga lambarsu, kuma akwai jadawalin shekarun lambobin a intanet wanda yaro mai waya zai iya dubawa.

Wani gargaɗi mai muhimmanci

Ku kasa kunne a nan, domin magana ce ta lafiya. Agogunan da aka yi daga wajen yaƙin duniya na farko har zuwa farkon shekarun 1960, fentin da ke sa lambobinsu haske da dare yana ɗauke da wani sinadari mai suna radiyam. Yana fitar da tururin da ido ba ya gani, kuma idan ya shiga jiki yana zama a ƙashi. A Amurka a shekarun 1920, 'yan matan da ke shafa fentin nan a masana'anta sukan lashi bakin burushi don ya yi tsini. Da yawansu muƙamuƙinsu ya ruɓe, wasu suka mutu. Ƙarfin radiyam yana ɗaukar shekara kusan 1,600 kafin ya ragu da rabi. Saboda haka ko fentin ya daina haske, ya koma ruwan ƙasa kamar busasshen goro, dafin yana nan. Idan kana da irin wannan, kada ka cire gilashin, kada ka kankare, kada ka hura, kada ka ba yaro ya yi wasa da shi, kada ka kwana da shi a ƙarƙashin matashi. Daga shekarun 1960 aka koma wani sinadari mai sauƙin haɗari, tiritiyam, kuma agogunan Suwizalan masu shi suna da harafin T a gefen kalmar SWISS a ƙasan fuska, har zuwa ƙarshen shekarun 1990. Wannan T ɗin ma hanya ce ta gane zamani. Agogon mai wasiƙarmu na 1974 ne, ya zo bayan zamanin radiyam.

Abubuwan da ba a yi wa tsohon agogo

Kada a gwada shi da mayen ƙarfe. Zinariya ba ta kama shi, amma tagulla ma ba ta kama shi, ka ga gwajin bai raba gardama ba. Ga shi kuma akwai wata siririyar waya kamar gashi a cikin injin, wadda idan mayen ƙarfe ya taɓa ta sai agogo ya riƙa gudu. Kada a ɗiga masa ruwan batir, kada a goga shi a dutse, kada a wanke shi da toka. Kada a ɓanɓare murfi da wuƙa, akwai abin buɗewa a wurin mai gyara, kuma a buɗe a gaban idonka. Kada a yarda a sake fentin fuskarsa, domin masu sayen tsofaffin agoguna sun fi son fuska ta asali ko da ta dafe. Rubutun WATER RESISTANT kuma kada ya ruɗe ka, robar da ke tare ruwa ta daɗe da bushewa. A cire shi kafin alwala, kuma ba a sara da fartanya da shi a hannu.

Shawararmu

To Malam, ga abin da muke gani. Agogonku ba zinariya ba ne, kuma Seiko 5 an yi shi da yawan gaske, saboda haka ba zai sayi bijimi ba. Amma ba tarkace ba ne. Inji ne mai ƙwari wanda ba ya cin batir. Ka ɗan girgiza shi a hankali na minti ɗaya, idan tsinken ya motsa, to wanki da mai kawai yake bukata. Kuma akwai masu neman irin waɗannan na asali, su biya fiye da yadda dillalin nan ya taya.

Ku tashi mutum biyu, kai da yayanku, ku kai shi wurin masu gyaran agogo uku dabam-dabam, a Funtuwa ko Zariya ko Kano. Kada ku ce sayarwa za ku yi, ku ce ƙima kuke nema. Ku biya ta wurin maƙerin zinariya ya duba a gaban yayanku, domin gani ya kori ji. Sannan ku kai abin da kuka samo wurin malamin da ke raba muku gado. Idan magada sun yarda, ɗaya daga cikinku ya riƙe agogon a cire ƙimarsa daga rabonsa. Masu agogon da ya tabbata zinariya ce kuwa, su tuna akwai hukuncin sa zinariya ga namiji, sai su nemi bayani wurin malamai.

Ka gaya wa yayanku cewa ba laifinsa ba ne, ruwan gwal ya ruɗi waɗanda suka fi shi sanin kasuwa. Wannan agogo tsarabar Makka ce, mahaifinku ya duba lokacin salla da shi shekara da shekaru. Ba zai so a ce a kansa ne 'ya'yansa suka daina gaisawa ba.

Masu saurare, duk mai tsohon agogo da ke son bayani, ya kwafo mana rubutun fuska da na baya harafi-harafi, kamar yadda wannan bawan Allah ya yi, kada ya aiko da agogon. A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.